Sifanar Kakana: Tarihin da Muke Sayarwa a Kan Sikeli

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Na san wasunku za su ce yau kuma ina ruwanmu da sifana, mu da muka saba maganar matasa da aikin yi da shugabanci? To ku ba ni minti goma, in sha Allahu kafin mu rabu za ku ga inda zancen ya dosa.

Kakana bakanike ne. Ya koyi aiki a reluwe a Zariya, daga baya ya buɗe garejinsa. Yana da wani akwatin ƙarfe mai launin kore, ko taɓa shi ba a bari mu yi muna yara. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, akwatin ya yi shekaru a zaure. Ina makaranta aka ce min wani ɗan uwanmu ya kira mai jari bola, an ɗora kayan a sikeli, an biya shi kuɗin kilo. Da na dawo hutu, sifana uku kacal na tsinta a bayan tsohuwar randa. Na ɗauki ɗaya na gwada a babur ɗina, ba notin da ta kama. Wannan ta yi masa yawa, wancan ta ƙi shiga. A jikinta an rubuta 1/4 W, kusa da shi kuma 5/16 BS. Har na yanke cewa jabu ce.

Sai na kai ta Panteka a Kaduna na nuna wa wani dattijo. Ya juya ta, ya goge da bakin rigarsa, ya ce, "Ɗana, a ina ka samo wannan? Ai ta girme ka, ta girmi ubanka. Ta Ingila ce, da irinta muka kwance tsofaffin Landiroba." Na ce, "Baba, to me ya sa ba ta kama notin yanzu?" Ya yi dariya ya ce, "Yarensu ne ba ɗaya ba." Wannan maganar ce ta sa na shiga karatun tarihin da zan ba ku yau.

Mu fara daga Ingila. Kafin 1841, kowace masana'anta a can da irin zaren notinta. In injin ya lalace, notin wani kamfani ba ya hawa bolti na wani, dole a koma wajen wanda ya ƙera, ko a zauna a yanko sabo da hannu. A wannan shekarar ce wani injiniya mai suna Joseph Whitworth, wanda masana'antarsa take Manchester, ya tattara samfurori daga wurare da dama, ya auna su, ya fito da mizani guda: kusurwar zare digiri 55, kuma kowane kaurin bolti da adadin zaren da zai samu a inci ɗaya. Kamfanonin jiragen ƙasa suka karɓa, sannu a hankali ya zama awon ƙasar baki ɗaya. Harafin W da ke jikin sifanar kakana sunan wannan mutumin ne.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, a tsarin Whitworth lambar da ke jikin sifana kaurin boltin take faɗa maka, wato jikin ƙarfen da ke shiga rami. Faɗin bakin sifanar daban yake. Shi ya sa wadda aka rubuta wa kwatan inci bakinta ya kai milimita 13 da ɗoriya, kusan 13.3. To lambobi biyun fa? A 1908 Ingila ta ƙara wani mizani mai zare sirara, BSF, wanda kan notinsa ya fi ƙanƙanta da mataki ɗaya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ƙarfe ya yi tsada, sai aka rage kan notin Whitworth shi ma da mataki ɗaya don a yi tattali. Sifana ɗaya ta koma tana kama noti iri biyu, masu ƙera ta suka riƙa buga lambobin biyu a jiki. Kun ga ke nan ƙaramin rubutu a jikin ƙarfe yana ɗauke da labarin yaƙi.

Amurka ba ta bi Ingila ba. A 1864 William Sellers ya gabatar da nasa tsarin a Philadelphia, mai kusurwa digiri 60, wanda ya fi sauƙin yankawa. Shekaru kusan tamanin kowa na kan nasa, sai yaƙi ya tona asirin matsalar: ƙasashe biyu suna yaƙi a ɓangare ɗaya amma notin tankar wannan ba ya hawa ta wancan. Lokacin da kamfanin Packard na Amurka ya karɓi aikin ƙera injin jirgin sama na Merlin, wanda Rolls-Royce ta Ingila ta zana, sai da ya tanadi kayan yanka zare irin na Ingila musamman domin aikin. Bayan yaƙin ne Amurka da Ingila da Kanada suka amince da mizani na haɗin gwiwa, wanda ya fara aiki a 1949. Sifanar wannan tsarin faɗin kan noti take faɗa da inci, kuma na Ingila sukan ɗauki haruffan AF. A gefe guda kuma ga tsarin mita da ya samo asali daga Faransa tun shekarun 1790, wanda Jamus da Italiya da Japan suka bi, shi ne yau ya mamaye duniya.

Ku dubi abin mamaki. Rabin inci AF milimita 12.7 ne. Ga lamba 13 da kowa ya sani. Ga kuma ta kakana mai 13.3. In ka jera su uku ido ba zai raba su ba, amma ka sa wadda ba ita ba ka danna, kan notin ne zai cinye ya zama zagaye. Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san wannan takaicin.

Ita ma sifanar kanta tana da nata tarihin. Mai haƙora ta kama bututu, wadda masu aikin famfo ke riƙewa, Daniel Stillson ne ya yi mata rajista a Amurka a 1869. Mai bakin da ake buɗewa a tsuke da babban yatsa, siffar da muka sani yau ta Johan Petter Johansson ce, ɗan ƙasar Suwidin, a farkon shekarun 1890, kuma kamfanin Bahco ne ya yaɗa ta a duniya. Soket da ake cirewa a sauya a kan mariƙi ɗaya, kamfanin Snap-on da aka kafa a Milwaukee a 1920 ya yi suna a kansa: mariƙi biyar da soket goma su yi aikin sifana hamsin.

To ina muka shigo? Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma injinan da suka ja gyaɗa da auduga zuwa Legas na Ingila ne, da notinsu da sifanarsu. Bayansu ga kekunan Raleigh, ga manyan motocin Bedford, ga Land Rover da aka fara ƙerawa a 1948. Makanikan farko a ƙasar nan da awon inci suka buɗe ido. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa, da yake Faransa ce ta mulke su, da milimita suka tashi. Hausa ɗaya, kasuwa ɗaya, amma akwatin kayan aiki biyu, saboda kowane ɗan mulkin mallaka ya zo da awonsa, kuma duk wanda ya ɗaure ka da awonsa ya ɗaure ka da kasuwarsa. In notin Ingila ne a injinka, daga Ingila za ka sayo safaya.

Sai shekarun 1970 suka juya komai. A 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, a 1973 Naira ta maye gurbin fam, ƙasar ta kuma rungumi awon mita. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, motoci da baburan Japan suka cika tituna. Cikin 'yan shekaru sifanar Whitworth ta rasa aikin yi, aka tura ta ƙasan akwati. Daga can ne yau take tafiya sikeli.

Yanzu ga abin da na koya, ga wanda zai buɗe akwatin gidansu ko ya zaga Panteka ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Na farko, karanta awon. In ka ga W ko BSW ko BSF ko BS, tsohon tsarin Ingila ne. In ka ga AF ko inci tsura, na Amurka ne ko na Ingila na baya-baya. In lamba ce kawai kamar 10 ko 17, milimita ce.

Na biyu, duba sunan ƙasa, domin ƙasashe ma suna mutuwa. Wadda aka rubuta wa West Germany an yi ta ne tsakanin 1949 da 1990, lokacin da Jamus take rabe biyu. Mai USSR ta riga 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Haruffan DRGM ko DRP a kayan Jamus galibi suna nuna kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. In ka ga alama kamar kan kibiya ko sawun tsuntsu mai yatsu uku, tambarin kayan gwamnatin Ingila ne, yawanci na soja, wani lokaci har da shekara a gefe.

Na uku, sunan maƙeri. Daga Ingila akwai King Dick na Birmingham da Britool. Daga Jamus akwai Hazet da Gedore, duka na garin Remscheid, da Stahlwille na Wuppertal. Gedore an kafa shi a 1919, sunan ma an haɗa shi ne daga 'yan uwan Dowidat da sunan garin. Daga Faransa akwai Facom. Amma a yi hattara, kasuwa cike take da sababbi marasa nauyi da aka buga wa Germany a jiki. Ta asali rubutunta yana da zurfi da tsabta, bakinta a daidaice, ba kaifi-kaifi a gefe.

Na huɗu, dubi ƙarfen. Tsofaffi sosai baƙaƙe ne ko masu launin toka, masu kauri, ba sheƙi. Ƙarfen da ake rubuta wa Chrome Vanadium ya fara yaɗuwa ne a shekarun 1920 zuwa 1930, shi ya ba da damar yin sifana siririya mai ƙarfi. Don haka mai wannan rubutun ba za ta kasance ta farkon zuwan reluwe ba, ko me mai sayarwa ya rantse maka.

Na biyar, saiti. Abin da ya fi wuyar samu shi ne cikakken saiti, domin a gareji kullum sai an ari ɗaya ba a dawo da ita ba. Jera su ka duba: salon rubutu ɗaya ne? Launi ɗaya? Lambobin suna bin juna ba tsallake? In har jakarsu ta tamfol ko akwatinsu na asali na nan, kada ka yar, ko ya yage. Haka ma waɗanda suka zo tare da mota ko keke masu ɗauke da sunan kamfanin abin hawan, suna da daraja wajen masu gyaran tsofaffin motoci.

Sai gargaɗi ɗaya. Don Allah kada ka kai ta injin wasa ƙarfe don ta yi ƙyalli. Rubutun za ka goge, kuma rubutun shi ne shaidar. Jiƙa ta a kananzir kwana ɗaya ko biyu, ka goge da burushi mai laushi, ka shafa mai kaɗan, shi ke nan. In ka ga an sassaƙa haruffa ko an buga ɗigo-ɗigo a mariƙin, bar su, alamar mai ita ce. Ta kakana ɗigo uku gare ta, mahaifiyata ta ce haka yake yi wa duk kayansa saboda masu aro.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka arziki ya samu. Yawancin tsofaffin sifanoni kuɗinsu kaɗan ne ko a Turai, domin an ƙera su da yawan gaske. Kuma ban ga laifin mai jari bola ba, sana'arsa yake yi, yana ciyar da iyali. Damuwata a kanmu take. Mu matasa muna yawan cewa ƙasar nan ba ta ƙera komai, muna kawo misalin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara tun 1979 har yau bai tsaya da ƙafarsa ba. Gaskiya ne. Amma akwai mutanen da ba su yi boko mai zurfi ba, suka riƙe awo uku a ka, suka raya injinan da masu su ma sun daina yi musu safaya. Tarihin sarakuna da 'yan siyasa an rubuta shi. Na waɗannan mutanen yana cikin akwatunansu da kawunansu, akwatunan ana narkarwa, su kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ta yaya za mu ce wa yaro ya girmama sana'ar hannu alhali kayan aikin kakansa mun auna su da kilo?

Aikin wannan mako mai sauƙi ne. In akwai tsohon akwatin kayan aiki a gidanku, buɗe shi. Ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowace sifana, gaba da baya. In mai su yana raye, zauna da shi ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye shi wajen wa ya koyi aiki, wace mota ya fara kwancewa, a ina ya sayi kayan. In ya rasu, nemi yaran da ya koyar, da yawansu yanzu su ne iyayen gida a gareji. Ku turo mana hotunan a nan ƙasa, wanda muka gane mu faɗa, wanda ya gagare mu mu kai wa dattawa.

Ni dai ukun nan suna rataye a ɗakina. Dattijon Panteka ya ce in na samu mai 3/8 W in kawo masa ya gani, domin tasa wani ya ara tun zamanin Shagari bai dawo da ita ba. In ɗayanku ya ci karo da ita, ya sanar da ni.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.