Injin gas daga gonakin Bunkure zuwa shagunan birni: Yadda yake aiki da ƙa'idojin kula da shi

Injin gas shi ne ƙaramin injin da aka ƙera, ko kuma aka juya, domin ya riƙa ƙona iskar gas ta girki a maimakon fetur. A Jihar Kano an fi cin karo da shi a wurare biyu: a bakin gona yana jan ruwa, da kuma a ƙofar shago yana ba da wuta. Akwai kuma na uku da masu aikin tsabtace manyan gine-gine suka sani, wato injin goge daɓe. Dukkansu cikinsu kusan ɗaya ne, sai dai haɗarinsu yakan bambanta gwargwadon wurin da aka tayar da su. Kuskuren da manomi zai yi a filin Allah iska ta kwashe, idan ɗan kasuwa ya maimaita shi a cikin ɗaki huɗu yana iya zama ajali.

Yadda gas ya shiga gona

Bunkure da Kura da Garun Malam su ne cibiyar Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. An tsara shirin ne ruwa ya riƙa gangarowa da kansa ta manyan kanal da ƙanana har cikin gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Amma ba kowace gona ruwan ke kaiwa ba. Wanda gonarsa ke kan tudu, ko a wutsiyar kanal, ko a wajen shatin shirin, ba shi da madogara sai inji mai bakin inci biyu ko uku.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Daga nan ne manoman rani da dama suka koma wa makanikai su juya musu injinansu, masu shaguna a birni su ma suka yi haka da janaretocinsu. Lissafin bai da wuya: ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na gas ya kai kimanin na lita 1.4 ta fetur, don haka tukunya mai kilo 12.5 tana tsayawa a madadin lita 17 zuwa 18. Farashin gas shi ma yana hawa yana sauka, saboda haka wannan ma'auni ne ya kamata mai inji ya riƙe, ba labarin da ya ji a majalisa ba.

Abin da ke cikin tukunya

Gas ɗin girki gaurayen iska biyu ne, furofen da biyuten, waɗanda aka matse har suka zama ruwa. Furofen yana tafasa ya koma iska tun a sanyin digiri 42 ƙasa da sifiri, shi kuwa biyuten sai a daidai sanyin da ruwa ke daskarewa. Wannan ne ya sa a rana mai zafin digiri 38 matsin furofen a cikin tukunya yakan ninka na biyuten fiye da sau huɗu. A Kano, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, batun ba ƙarami ba ne. Ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi, shi ya sa ƙa'ida ta ce a cika tukunya zuwa kimanin kashi 80 cikin 100 kawai, a bar masa wurin numfashi. Mai sayarwar da ya danna wa mutum tukunya har wuya ba alheri ya yi masa ba.

Halaye uku na wannan iska ne suka raba ta da fetur. Lita ɗaya ta ruwanta idan ta kuɓuce takan zama iska mai yawan lita 250 ko fiye. Ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka ba ta tashi sama, sai ta bi ƙasa kamar ruwa ta kwanta a rami, a kwata, ko a ƙarƙashin kanta. Sannan ba ta buƙatar yawa kafin ta kama: idan ta kai kashi biyu cikin 100 na iskar wuri, tartsatsin makunnin lantarki ya isa. Ita kanta ba ta da wari. Ɗoyin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai wani sinadari ne ake zuba mata da gangan domin hanci ya yi gargaɗi.

Ba ɗaya take da iskar CNG da gwamnati ke tallatawa ga motoci ba. Waccan ana matse ta da ƙarfin da ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa, kuma tukunyar girki ba ta iya ɗaukarta.

Juyi mai kyau da juyin ganganci

Nan ne gizo ke saƙar. Juyin da ya dace yana da na'urori biyu. Ta farko ita ce regileta da ke kan tukunya, mai rage matsi. Ta biyu tana kusa da kafireta, kuma aikinta shi ne ta hana gas wucewa sai lokacin da injin ke zuƙa. Idan injin ya mutu, zuƙar ta tsaya, ita ma sai ta rufe. Kafiretocin da ake sayarwa masu shan fetur da gas duka galibi da wannan na'ura suke zuwa.

Juyin ganganci kuwa shi ne a huda bakin kafireta, a cusa tiyo kai tsaye daga regiletar girki, a riƙa daidaita gudun inji da makunnin tukunya. Injin zai tashi, zai kuma yi aiki, shi ya sa hanyar ta karɓu, ga arha. Aibinta yana bayyana ne sa'ar da injin ya mutu ba kowa a kusa, alal misali baƙin mai ya yi ƙasa ko fulogi ya daina ba da wuta. Gas ba zai tsaya ba. Zai ci gaba da tsiyaya kusa da salansa mai zafi, idan kuma an saukar da injin cikin ramin da aka haƙa a bakin rafi domin ya kusanci ruwa, kamar yadda ake yi idan ruwa ya ja baya, ramin ne zai cika. Yaron da aka aika ya sake jan igiya shi ne zai tarar da shi.

Tiyo ma abin dubawa ne. Tiyon ban ruwa da na fetur ba su dace ba, domin gas yana cin robarsu. Na gas ake nema, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe, ba da kyauron roba ba, a kuma sauya shi da zarar ya yi tauri ko ya fara tsagewa. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi: a shafa a kowace mahaɗa, inda kumfa ya taso nan ne ɓarakar take. Ba a gwadawa da ashana.

Tayarwa da kashewa

Tukunya a tsaye take aiki, a inuwa, nesa da salansa, a kan ƙasa mai daidai inda girgizar inji ba za ta kayar da ita ba. Idan ta kwanta, ruwan gas ne zai shiga tiyo a maimakon iska, regileta kuma ba don ruwa aka yi ta ba. Wani lokaci, musamman da asubahin hunturu ko idan tukunyar ƙarama ce, akan ga raɓa ko ƙanƙara ta lulluɓe gindinta, injin ya fara shaƙewa. Dalili shi ne injin yana zuƙa fiye da yadda ruwan ke iya komawa iska. Maganinsa babbar tukunya, ba kwantar da ita ko kai ta kusa da wuta ba.

Wajen kashewa, a fara rufe tukunya, a bar injin ya cinye abin da ya rage a tiyo har ya mutu da kansa, sannan a kashe makunni. Haka kamfanonin da ke ƙera injin goge daɓe suke umarta, kuma ƙa'idar ta hau kan janareta da injin ban ruwa.

Hayaƙin da ba a gani

Mutane da yawa sun ɗauka tunda injin gas ba ya fitar da baƙin hayaƙi, to babu illa a shaƙe shi. Wannan zato ya fi yoyon gas kansa haɗari. Duk injin da ke ƙona mai, ko fetur ko gas, yana fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 ko sama da haka, sai jiki ya rasa iska alhali mutum yana numfashi. Alamominta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da a nan kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne. Abin da ke bambanta su shi ne mutane da yawa su kamu lokaci guda a wuri guda, kuma su ji sauƙi idan sun fita waje. Mai barci kuwa ba ya jin komai.

Injin goge daɓe shi ne misali mafi bayyana, domin a cikin gini aka yi shi ya yi aiki. A Amurka ana amfani da shi sosai a manyan kantuna da makarantu. Yana da faifai mai faɗin inci 21 zuwa 27 da ke juyawa sau 1,500 zuwa 2,000 a minti, yana goge daɓe har ya riƙa ƙyalli, a bayansa kuma akwai tukunyar furofen mai kimanin kilo tara. Tunda ba ya jan waya, yana cinye babban fili cikin ɗan lokaci. Amma galibi da dare ake aikin, bayan an rufe ƙofofi an kashe na'urorin shigo da iska, kuma a irin wannan yanayi ne ma'aikata suka sha faɗuwa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ƙayyade cewa kada gubar ta wuce kashi 50 cikin miliyan a matsakaicin aikin sa'a takwas. Shi ya sa injinan zamani ke zuwa da salansa mai tace hayaƙi, wasu har da na'urar da ke kashe injin idan ƙonuwar ta lalace. Jami'in da ke ba da kwangilar tsabtace ma'aikata ko asibiti yana da haƙƙin ya tambayi ɗan kwangila yaushe aka auna hayaƙin injinsa, ya kuma tabbatar tagogi a buɗe suke, da na'urar gano gubar a wurin. Ba a barin injin yana aiki ba kowa, ba a tsayar da faifan wuri guda domin yana ƙona daɓe, kuma bayan aiki akan cire tukunyar a ajiye ta a wajen gini.

Janareta galibi ba shi da waɗannan matakan kariya. Shawarar hukumomin lafiya na Amurka ita ce a ajiye shi a waje, aƙalla mita shida daga ƙofa ko taga. A layukan Kantin Kwari ko Sabon Gari samun mita shida abu ne mai wuya, amma ƙarƙashin bene, lungun da aka rufe da bayan kanta ba mafita ba ne. Wanda gubar ta kama, a fitar da shi sarari nan take, a kai shi asibiti, a gaya wa likita hayaƙin inji ya shaƙa. Oksijin yake buƙata, ba madara ko manja ba.

Kula da inji da tukunya

Gas ba ya baƙanta mai kamar fetur, sai mai inji ya duba ya ga man garau ya ɗauka da sauransa. Zafi ya riga ya cinye ƙarfinsa. Littafin Honda na injinan wannan aji ya ce a sauya baƙin mai bayan sa'a 20 na farko, daga nan duk bayan sa'a 100, kuma injin da ke kwana yana jan ruwa cikin ƙura ya fi son a gajarta. Gas busasshe ne, yana sa bawul ya ci mazauninsa da wuri, don haka a riƙa kai wa makanike ya duba tazararsa. Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Matatar iska kuwa a lokacin hunturu kusan kullum take son kaɗewa, domin idan ta toshe gas yakan yi wa iska yawa, gubar da ke fita ta ƙaru. Ƙarfin inji yakan ɗan ragu bayan juyi, kuma buɗe gas da yawa ba ya dawo da shi. Ga injin ban ruwa, a cika cikinsa da ruwa kafin a tayar, in ba haka ba robar da ke hana yoyo za ta ƙone cikin mintuna.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, tare da sake gwada ta duk bayan shekara biyar. Shekarar ƙira tana buge a jikinta, galibi a mariƙi. Tukunyar da ke zama a jiƙaƙƙiyar ƙasar gona ta gindi take fara tsatsa, inda ido ba ya kaiwa, don haka a ɗora ta a kan katako, a riƙa leƙa ƙasanta. Wadda ta lotsa ko aka yi wa walda ta gama aiki.

Cika tukunya a tashar da hukumar NMDPRA ta ba lasisi, inda ake aunawa da sikeli, ya fi juye gas daga wata tukunya zuwa wata a cikin shago. A ranar 4 ga Janairu, 2020, fashewar wani shagon sayar da gas a Sabon Tasha da ke Kaduna ta kashe mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa. A kan babur ko a kurkura, a tsaye ake ɗaure tukunya, bakinta a rufe, regileta a cire.

Idan aka ji warin gas, a rufe tukunya, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki ko a ja igiyar inji sai warin ya gushe har a ƙasa. Idan wuta ta kama a bakin tiyo kuma hannu na iya kaiwa ga makunnin tukunya, rufe shi ne ke kashe ta. Idan kuwa wutar tana lasar jikin tukunyar, a janye jama'a nesa, a kira 'yan kwana-kwana.