Shari'ar Amadu Ɗan Basa a Damagaram, 1906

Ya ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa zamnawa a zauren alkali ka san ba kowane baki ake karɓa ba. A mazhabar Malikiyya, alkali ba ya karɓar shaidar abokin gaba, haka nan ta wanda zai ci riba da abin da ya faɗa. Riƙe wannan, mu koma Damagaram.

A shekarar 1899 Faransawa suka ci Damagaram, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, suka naɗa Amadu Ɗan Basa. Farkon 1906 hankalin Nasara a tashe yake. An yi tawaye a Kobkitanda, ƙasar Doso. A watan Fabrairu kuma mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun kashe turawan Ingila. Ana cikin haka, a watan Maris, sai magana ta kai bariki cewa Sarki ya shirya a afka wa Nasara a hallaka su. Aka kama shi, da Malam Yaro babban attajirin birni, da tafinta Ali Jallo, aka kore su zuwa Kodibuwar.

To, wa ya ba da shaida? A Damagaram sunan da ake kamawa shi ne Ballama, bawan fada. Shi kuwa aka ba riƙon gari bayan an tuɓe Sarki, sarauta ba ta dawo gidanta ba sai 1923. Dubi kuma masu binciken: su ne sojojin da aka ce za a kashe. Maganar Hausa sai ta bi ta bakin tafinta kafin ta hau takarda, ga shi tafintan bariki da kansa yana cikin waɗanda ake tuhuma. Ni dai, da a gaban alkalin ƙauyenmu ne, ban ga yadda wannan shaida za ta wuce ƙofar zaure ba.

Amma kada ka yi saurin wanke kowa. Mai ƙiyayya ma yakan faɗi gaskiya, Sarki kuma yana da dalilin ƙin Nasara. André Salifou ya rubuta wasa a kan shirin, Mahamane Bakabé ya mai da shi silima a 1982. A can Sarki jarumi ne da aka ci amanarsa. A 2017 wata malamar tarihi, Camille Lefebvre, ta sake buɗe takardun binciken, tana bin masu shaidar ɗaya ɗaya, da abin da kowannensu ya samu bayan ya yi magana.