Kabarin Baƙo a Sawakin

Sawakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin Bahar Maliya, inda alhazan ƙasar Hausa suka saba haye ruwa zuwa Jidda. A can aka binne wani sojan Ostareliya mai suna Robert Weir. Ba hafsa ba ne, farabiti ne kawai.

Ga yadda ya zo. Bayan mutanen Mahadi sun ci Hartum, sun kashe Janar Gordon a Janairun 1885, sai jihar New South Wales ta aiko wa Ingila gudummawar soja fiye da 700. Suka tashi daga Sidni ran 3 ga Maris, suka sauka Sawakin a ƙarshen watan. Ba su yi wani yaƙin kirki ba, aikinsu ya fi yawa wajen gadin hanyar jirgin ƙasa. Amma abin da mashi bai yi ba, ciwo ya yi. Atuni ya kama Weir, ya rasu a watan Mayu. Har yau sunansa yana rubuce a Kanbera, cikin mutum 9 da suka mutu saboda wannan tafiya.

To, mu dubi namu. A Yulin 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Da aka gama madatsar Sannar a 1925, Hausawa suka cika gonakin audugar Jazira. Tarihi ya riƙe sunan Sarki, ya riƙe na Manjo Marsh, Baturen da ya faɗi a ranar. Manomin da ya bar garmarsa ya bi Sarki fa, wa ya rubuta nasa?

Ba Burmi kaɗai ba. 'Ya'yanmu da yawa sun tafi yaƙin Habasha da na Bama, ba su komo ba.

Ya mai karatu, Allah bai manta da ko ɗaya ba, mu ne muke mantuwa. In akwai tsoho a gidanku ko a ikilisiyarku, je ka zauna gabansa, ka tambayi sunan wanda ya tafi bai dawo ba, da garinsu, da sunan mahaifinsa. Ka rubuta tun mai faɗa yana da rai.