Akwatin Deacy: daga juji zuwa faya-fayan Queen

Masu sha'awar kiɗan gita na Turai sun daɗe suna gardama kan manyan na'urorin ƙara ƙarfin sauti, waɗanda makaɗa ke kira ampili: Marshall, Fender, Vox, kowane da mabiyansa. Amma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi barin alama a faya-fayan shekarun 1970 bai fito daga kamfanin kayan kiɗa ba, ba shi da suna a jikinsa, ƙarfinsa kuma bai wuce kimanin wat 1 ba. Ana kiransa Deacy, daga laƙabin wanda ya haɗa shi, John Deacon, mai kaɗa gitar bas ta ƙungiyar Queen.

Deacon ya shiga Queen a shekara ta 1971, shi ne ƙarami cikin su huɗu, kuma ya yi karatun fasahar lantarki a Chelsea College ta birnin Landan. Wata rana a 1972 yana tafiya a titi sai ya hangi wayoyi suna reto daga wani babban mazubin shara. Da ya jawo su, sai ga ɗan allon lantarki da aka ciro daga cikin wata na'ura aka yar. Ya kai shi gida, ya ɗaure shi cikin wani ƙaramin akwatin lasifika irin wanda ake ɗorawa a kan kanta, ya sa masa ramin tsira wayar gita, ya bar wayoyi biyu a baya don haɗawa da babban pil mai volt 9. Babu maɓallin ƙara murya a waje, babu na gyara amo. Niyyarsa dai ya samu abin gwaji a ɗaki.

Da ya kawo shi wurin atisaye ne al'amarin ya sauya. Brian May, mai gitar ƙungiyar, shi ma ba baƙon irin wannan aiki ba ne: gitarsa, Red Special, shi da mahaifinsa suka sassaƙa ta tun 1963, har da katakon wani tsohon murhu a ciki, kuma da sulallan sisi yake kaɗa ta. May ya haɗa gitar da ƴar na'urarsa mai ɗaga siririn sauti, sannan ya tura cikin akwatin Deacon. Ƙarfin da ya shiga ya fi abin da aka yi allon dominsa, sai sautin ya matse, ya yi kauri, ya riƙa jan numfashi kamar goge ko algaita. A idon injiniyan rediyo wannan aibi ne da ake gudu. A kunnen May kuwa murya ce da manyan Vox AC30 ɗinsa na dandali ba su ba shi.

Dalilin yana cikin allon. Taransista huɗu ne na jamaniyom, sinadarin da aka yi amfani da shi kafin silikon ya kore shi, tare da ƙananan taransifoma biyu. Jamaniyom ba ya yanke sauti da kaifi idan an cika masa kaya, a hankali yake lanƙwasa shi. Yana kuma da halin da duk tsohon mai gyaran rediyo ya sani: zafi na sauya aikinsa. Ƙarfin pil ma haka, domin amon akwatin da sabon pil daban yake da amonsa idan pil ya fara rauni.

A ɗakin ɗaukar sauti ne darajarsa ta bayyana, don a dandali ba a ma jin sa. May ya riƙa kaɗa layi ɗaya, a ɗauka, ya koma ya kaɗa wani a kansa, har sai layuka da yawa sun taru sun yi kama da taron makaɗa. Haka aka yi «Procession», wadda ta buɗe faifan Queen II da aka ɗauka a Trident Studios ta unguwar Soho aka fitar a 1974. Haka kuma taken Ingila da ya rufe A Night at the Opera a 1975. Aikin da ya fi ban mamaki a wannan faifai shi ne «Good Company», inda May ya kwaikwayi ƙungiyar jaz irin ta da, kakaki da sarewa da sauransu, da gita kaɗai, gaɓa bayan gaɓa. Ba banza ba Queen ta riƙa rubuta a bangon faya-fayanta na wancan zamani cewa ba ta yi amfani da na'urar ƙirƙirar sauti ba: masu saurare da dama sun ɗauka inji ne ya yi abin da hannu da haƙuri suka yi.

Matsalar ita ce akwatin guda ɗaya ne tak a duniya, kuma babu wanda ya san asalin allon da ke cikinsa. Da ya ƙone, da wannan amo ya tsaya a faya-fayan da aka riga aka ɗauka. A 1998 Greg Fryer, ɗan Ostareliya da ya gyara Red Special, ya soma ƙoƙarin yin irinsa. Daga baya injiniya Nigel Knight ya shigo aikin. Sun yi samfuri bayan samfuri, kowane ya kusa, babu wanda ya kai. Sai da May ya yarda aka kwance na asalin aka auna kowane ɓangare, sannan aka gane cewa lasifikokin da akwatin kansa suna da rabo babba a cikin amon. Ba a kammala kwafin da May ya amince da shi ba sai 2010: shekara 12 ana bin sawun abin da ɗalibi ya haɗa a ɗakinsa. Kafin nan, a 2003, kamfanin Vox ya fitar da nasa samfurin don kasuwa.

Asalin allon kuwa sai a 2013 aka gano shi. Ɓangaren sauti ne na wata rediyon hannu mai suna Supersonic PR80, ƙirar wajen 1964, daga Rodeshiya, ƙasar da ta zama Zimbabuwe a 1980. Masana'antar Supersonic a Bulawayo take, kuma tana cikin manyan masu ƙera rediyo a kudancin Afirka a lokacin da ƴan tsirarun Turawa ke riƙe da mulkin ƙasar. Sunayen Deacon, May, Fryer da Knight duk sun shiga tarihin akwatin. Na ma'aikatan da suka narka dalma suka liƙa taransistocin a Bulawayo bai shiga ba. Ƙungiyar da mawaƙinta, Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar ne, ta yi shekaru tana kiɗa da allon Afirka ba tare da ta sani ba.

Mercury ya rasu a 1991. Deacon ya janye daga kiɗa a 1997, bai sake hawa dandali ba, akwatin kuma ya ci gaba da zama a hannun May.