Ma'anar Arziki a Kano Tun Zamanin Wuri

Ya kamata tun farko mu rarrabe kalmomi biyu da akan cuɗanya su yau, wato dukiya da arziki. Dukiya abin hannu ce, ana ƙirga ta. Shi kuwa arziki, a wurin kakanninmu, baiwa ce daga Allah, shi ya sa suka ce mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa.

To, da me ake gane mai arziki a Kano ta ƙarni na 19? Ba da tarin kuɗi ba, domin kuɗin zamanin wuri ne. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan dala ɗaya ta azurfa, keso guda kuwa, wato wuri 20,000, kayan ƙato ne sosai. Ga nauyi, ga shi darajarsa tana ta faɗuwa har ƙarshen ƙarnin. Saboda haka attajiri ba ya barin wuri ya kwana a ɗaki. Yakan juya shi zuwa tufafi da dawaki, da kuma mutane. Fataken Agalawa da Tokarawa da ke sayo goro a Salaga, cikin ƙasar Gonja, da yawan barori da yaran gida da masu cin tuwo a zaurensu ake auna su. Wanda ya tara abu ya hana jama'a, marowaci ake ce masa.

Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. Da yawa daga mutanen nan bayi ne, waɗanda aka kamo da yaƙi, suna noma a rinji. Arzikin maigida a kan guminsu ya tsaya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sule ya kori wuri, dokar 1936 kuma ta soke bauta ɗungurungum. Daga nan dukiya ta zama abin da za a iya ajiyewa a banki ba tare da an ciyar da kowa ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya ga zamunan biyu: da goro ya fara, da gyaɗa ya shahara, amma har ƙarshen rayuwarsa cinikinsa a kan yaran gida da wakilansa na ƙauyuka ya dogara, irin tsarin fataken da ya gada.