Asalin Kalmar Soja

Ku 'yan makaranta, kullum kuna cewa soja, amma ko kun san kalman nan baƙuwa ce a bakinmu? Kakanninmu na ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga ba su san ta ba. In Sarki ya yi shirin yaƙi, sai ya tara barade, watau masu dawaki, da dakaru masu tafiya a ƙasa, da 'yan baka. Malamai kuwa askarawa suke cewa, daga Larabci.

To, ga asalinta. Wajen shekara ta 310 ta Miladiyya, Sarkin Rum Kustantin ya sa aka buga wani kuɗin zinariya mai suna solidus, ana fid da guda 72 daga laba ɗaya ta Rumawa. Da kuɗin nan ake biyan mayaƙa, har sunansa ya zama sunan albashinsu. Mutanen Faransa na dā suka riƙa kiran mai yaƙi don albashi da suna soudier. Ingilishi suka ara wajen shekara ta 1300, ta zama soldier. Ashe ma'anarta ta fari, wanda ake biya. Harafin s ɗin nan ma da ake rubuta wa sule a dā a lissafin fam da sule da kwabo, solidus yake nufi.

Yaya ta iso bakin Kwara? Sojan Ingila na farko da Yauri ta gani su ne 'yan kaɗan da suka rage wa Mungo Park, waɗanda suka wuce cikin jirgin ruwa suka halaka tare da shi a Busa, ƙarshen 1805 ko farkon 1806. Tsohuwar Busa ɗin nan ruwan Kainji ya shanye ta a 1968. Amma su wucewa kawai suka yi. Sai a 1897 aka kafa Rundunar Tsaron Iyaka ta Afirka ta Yamma a hannun Lugga, aka ɗauki Hausawa da Yarabawa, aka zauna Lakwaja da Jaba. A 1898 aka ajiye wata ƙungiya tata a Yelwa, zamanin Sarkin Yauri Abarshi.

Bahaushe sai ya ce soja, ya yi mata jam'i irin nasa, sojoji. Ba ita kaɗai ta shigo ba, ta zo da bariki, da fareti, da kofur, da saje, da samanja, da hafsa.

Abin lura shi ne, ba suna kaɗai ya sake ba. Dakare ya bi Sarkinsa, ya sami ganima, ya koma gona da damina. Soja kuwa yaƙi ne sana'arsa, albashinsa wata-wata, inda aka tura shi can za shi, ko da Bama ce, kamar yadda aka yi daga 1943 zuwa 1945. Saboda haka in kun ji baƙuwar kalma, ku bi sawunta, don sau da yawa tarihin ƙasa yana ɓoye a cikinta.