Wasan birij: abin da ’yan wasa ke yi idan abokin hamayya ya ninka tayin ishara

Birij wasan karta ne na mutum huɗu, biyu-biyu a kowane ɓangare, kowa yana fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52, kowa ya samu 13. Attajirin Amurka Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafin makinsa na yanzu a 1925, an kuma kafa Tarayyar Birij ta Duniya a 1958.

Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi. Kamar yadda cinikin sa yake a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tayi sama yake yi, ba ya komawa ƙasa. Mai tayi yana faɗin yawan zagayen da ɓangarensa zai ci bayan shidan farko, da irin katin da zai rinjayi sauran. Ire-iren huɗu ne, daga ƙarami zuwa babba: kulob, daimon, hat da sifed, sai tayin “babu mai rinjaye” a samansu. Wanda ba ya son tayi sai ya wuce. Abokin hamayya yana iya ninka tayi, abin da ke ƙara lada da tara, wanda aka ninka wa kuma yana iya sake ninkawa.

Tayin ishara da dalilin ninka shi

Tayin ishara shi ne wanda ma’anarsa ta saɓa da lafazinsa. Mafi shahara shi ne Stayman, wanda Sam Stayman ya wallafa a 1945. Idan ɗan wasa ya buɗe da “ɗaya babu mai rinjaye”, abokinsa ya ce “kulob biyu”, tambaya yake yi: kana da hat huɗu ko sifed huɗu? Mai yiwuwa ba shi da kulob ɗin kirki ko ɗaya.

Tunda an san ba a nan tayin zai tsaya ba, ninkin abokin hamayya saƙo ne ga nasa abokin: ina da ƙarfi a kulob, da shi za ka buɗe wasa. Sai dai saƙon yana da farashi. Da ba a ninka ba, wanda aka tambaya ba shi da ikon wucewa, domin zai bar abokinsa a irin da bai riƙe ba. Ninki ya tabbatar da cewa magana za ta komo kan mai tambaya, saboda haka wucewa ta zama amsa, sake ninkawa ma ta zama amsa. Abokin hamayya ya ba su kalmomi biyu kyauta.

Yarjejeniyoyin da aka fi bi

A kan Stayman, ’yan wasa da yawa sun yarda cewa sake ninkawa na nufin mai buɗewa yana da kulob masu ƙarfi, kuma a shirye yake a buga a nan. Barazanar ta gaske ce: kulob biyu maki 40 ne, sake ninki ya mayar da shi 160, ya haye 100 ɗin da ke kawo babban lada. Amsa kai tsaye na nuna yana da katin da zai tare kulob, wucewa kuma na nuna ba shi da shi. Wasu suna juya ma’anar biyun.

A tsarin Jacoby, “daimon biyu” umarni ne ga mai buɗewa ya ce “hat biyu”, domin mai umarnin yana da hat biyar ko fiye. Idan aka ninka, cika umarnin na nufin hat uku zuwa sama, wucewa na nufin biyu kacal, sake ninkawa kuma na nuna ƙarfi a daimon.

A tsarin Blackwood, wanda Easley Blackwood ya ƙirƙiro a 1933, “huɗu babu mai rinjaye” tambaya ce game da yawan katin A. Idan aka ninka, akwai ƙa’idar ROPI: sake ninkawa na nufin babu ko ɗaya, wucewa na nufin ɗaya, tayi na gaba na nufin biyu. Abokai biyu da ba su daidaita kan waɗannan ba tun kafin zama, ɗaya zai wuce yana nufin wani abu, ɗayan ya fahimci akasinsa.

Doka ta hana sirri

Dokar birij ta wajabta bayyana kowace yarjejeniya ga abokan hamayya. Ana rubuta ta a takarda, ana ankarar da su idan an yi tayin ishara, kuma suna da haƙƙin tambayar ma’anarsa. Saƙo ta hanyar tari, kallo ko yanayin ajiye kati maguɗi ne. A watan Agustan 2015, ɗan wasan Norway Boye Brogeland ya fito fili ya zargi Lotan Fisher da Ron Schwartz na Isra’ila da irin wannan. An bi faifan bidiyon wasanninsu, a 2016 kuma ƙungiyar birij ta Arewacin Amurka ta kore su.